Zafi ya kama a Sakkwato, tallace-tallace sun cika waya: wanne zan yarda da shi?

Uwargida, Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin ciki da bai. Zafi ya shigo gadan-gadan, wuta ba ta zama, ga yara uku a gida, ƙaramar watanta 5. Duk sanda na buɗe waya abu uku nake cin karo da su. Akwai bidiyoyin masu cewa ga abin da za a haɗa a sha don zafi ko don maleriya da taifot, wasunsu har magani suke turowa gida. Akwai tallan fanka mai caji da kayan sola, wai fankar kwana take yi tana juyawa. Sai kuma masu koyar da sanyaya gida da adana kayan miya ba tare da firji ba.

Ina son in san inda ake duba maganar lafiya a intanet a samu ta gaskiya, da yadda zan gane maganin jabu. Sannan sola mai girman yaya za ta ɗauki fanka biyu da ƙwan fitila uku da cajin waya, kuma in saya ta intanet ko in shiga kasuwa? Don Allah a ba ni bayani dalla-dalla, da lissafi in da hali.

Mai harhaɗa magunguna, Gawon Nama:

Wa alaikumus salam Hajiya. Zan ɗauki ɓangaren lafiya, sauran in bar wa masu shi.

Waya tana da amfani wajen tantancewa: maganin nan yana da rajista ko babu, cuta kaza tana yawo a jiharmu ko a'a, mece ce alamar da in an gan ta ba a kwana a gida. Amma ba za ta gaya miki abin da ke damun yaronki ba, don ba ta taɓa jikinsa ba, ba ta ga jininsa ba. Duk bidiyon da ya faɗi cutar, ya faɗi maganin, ya kuma ajiye lambar asusu a ƙasa, wannan kasuwanci ne. Yanzu ma har fuskar likita da muryarsa ake kwaikwaya da kwamfuta a sa shi tallan abin da bai taɓa gani ba, don haka farar riga a bidiyo ba hujja ba ce. Ki tuna 2014, lokacin Ebola, yadda saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya karaɗe ƙasar nan cikin dare ɗaya, aka rasa rayuka, aka kwantar da wasu a asibiti.

Wuraren da nake ba da shawara kaɗan ne. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana fitar da bayanin annoba, irin su sanƙarau da kwalara, tana kuma da lambar kira kyauta, 6232. NiMet, hukumar hasashen yanayi, tana fitar da gargaɗin tsananin zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da bayanin kusan kowace cuta. In wata jita-jita ta cika WhatsApp, ki nemi ko shafukan tantance labarai irin Dubawa ko Africa Check sun bincika ta kafin ki tura wa wani.

Maganar jabu kuwa, NAFDAC tana da kundi a intanet mai suna Greenbook. Ki rubuta sunan maganin ko lambar rajistar da ke jikin kwalin. Kada ki tsaya ga ganin lambar ta fito, ki duba ko sunan magani da ƙarfinsa da kamfanin da suka fito su ne a hannunki, domin masu jabu lambar wani magani suke kwafa su buga. Yawancin magungunan maleriya da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna da wani wuri da ake kankarewa kamar katin waya. Ki kankare, ki tura lambobin ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a kwalin, amsa za ta dawo. In kin tarar an riga an kankare, kada ki karɓa. Maganin gargajiya na kwalba da lambarsa ta ƙare da harafin L, ma'anarsa an duba ba shi da wata illa ta fili, ba wai hukuma ta tabbatar yana warkar da cututtukan da mai talla yake lissafowa ba. Mutane da yawa ba su san wannan bambancin ba. Kuma mai sayar da magani, a shago ne ko a intanet, sai da rajistar hukumar PCN mai kula da masu sayar da magani. Ki tambaye shi, in ya fara kame-kame kin samu amsarki.

Ni dai ban goyi bayan a turo magani daga nesa a wannan yanayin ba. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, buhun da ya kwana biyu a bayan mota cikin watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Insulin da allurai da irin maganin da ake cusawa su suka fi saurin lalacewa.

Yanzu abin da ya kamata ya zauna a gidanki. Ki ajiye ORS na leda, wato haɗin gishiri da sukari, da ƙwayar zinc, don yaron da ke gudawa. Ki karanta ledar, yawanci guda ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta ake zubawa, wato ledar fiya wata biyu masu 50cl. Kada a rage ruwan don ya yi ƙarfi, gishirin zai yi wa yaro yawa ya cutar da shi. In babu na leda, a lita 1 ki sa sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, ba a tsiri ba, da gishiri rabin cokalin. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Ana ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Zinc kuma 20mg kullum na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya haura wata 6, wanda bai kai ba 10mg, kuma a ƙarasa kwanakin ko da gudawar ta tsaya.

Jaririyarki mai wata 5 nono kawai take buƙata, ko da zafin ya kai ina. Ki yawaita ba ta, ke kuma ki yawaita shan ruwa. Ruwan da ake ɗura wa jarirai don tausayi shi ke cika musu ciki su rage tsotso, shi ke kuma kawo gudawa. Ki lura da fitsarinta. In ya ragu sosai, ko maɗigarta ta loɓa, ko ta yi laushi ta ƙi kama nono, asibiti nan take.

Zazzaɓi kuma a yi gwaji tukuna. Gwajin maleriya na ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna akwai, maganin artemether da lumefantrine sau 6 ake shansa cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare, tare da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya fi ɗaukarsa. Yawan ƙwayar ya danganta da nauyin yaro. Inda ake kuskure shi ne a daina a rana ta biyu don jiki ya yi sanyi, bayan mako biyu ciwo ya dawo a ce maganin ne ba kyau. Taifot ɗin da ake liƙa wa kowa kuwa, gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da ita, yakan nuna akwai ga mutumin da ba shi da komai. Da damina in masu rabon maganin rigakafin maleriya na wata-wata sun zo gida-gida don yara 'yan wata 3 zuwa 59, ki karɓa, ki kuma ba da na rana ta biyu da ta uku da suke bari a hannunki.

Abu biyu ba a tsayawa duba waya a kansu. Ɗaya sanƙarau, tunda muna cikin yankin da yake tashi daga hunturu zuwa bazara: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, a jariri kuma maɗiga ta kumbura. Ɗayan bugun zafi: mutum ya ruɗe, magana ta sarƙe, jiki ya yi zau, ko ya suma. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin. Kuma wanda jikinsa ya bushe da rashin ruwa ya guji ibuprofen da diclofenac, suna taɓa ƙoda.

Mai haɗa sola, Titin Sarki Yahaya:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Ki ɗauki biro mu yi lissafin tare, domin da shi za ki kama ƙaryar kowane talla.

Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa (W), wato yawan wutar da yake ci, a jiki. Ki ninka shi da awannin da zai yi aiki, abin da ya fito shi ake kira Wh. Fankar sola mai aiki da 12V kai tsaye takan ci wajen 20W in an ƙure ta. Biyu na awa 10 kenan 400Wh. Ƙwan LED uku masu 5W na awa 5, 75Wh. Cajin waya biyu, a ce 30Wh. Jimla wajen 500Wh a dare ɗaya.

Batir kuma ana ninka lambobin V da Ah da aka rubuta a jikinsa, a samu Wh ɗin da yake ɗauka. Mai 12V 100Ah yana ɗauke da 1200Wh a rubuce. To amma in na dalma ne, irin mai ruwa ko wanda aka rufe, rabinsa kawai ake ci, wato 600Wh. In kullum ana tatse shi ƙarƙaf ba zai yi nisa ba. Don haka 100Ah ɗaya zai ɗauki kayan da kika lissafa, amma ba wurin ƙarin talabijin. Na lithium irin LiFePO4 ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa, ya fi daɗewa, ya fi tsada a sayen farko. A garin nan in kuɗin ya kai shi nake zaɓa, saboda batirin dalma ba ya jituwa da zafi: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Shi ya sa batirin da kamfani ya ce zai yi shekaru, a nan yake gajiya da wuri. Ko wanne kika saya, a ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, inda iska ke ratsawa, a kan katako, nesa da bangon da rana ke duka da la'asar.

Farantin sola kuwa, ki yi lissafi da awa 5 na rana mai ƙarfi, ki kuma ɗauka kashi 70 cikin 100 ne zai iso batir bayan zafi da ƙura da waya sun ci nasu. Faranti mai 200W zai ba ki wajen 700Wh a yini. Ya isa ya cika abin da aka ci da dare, ya bar ɗan saura na fankar rana. Mutane suna zaton tsananin rana ƙarin wuta ne, alhali haske faranti yake so. In ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya haura 25, kuma farantin da aka shimfiɗa a kan kwano yana iya haura 60. A ɗaga shi a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da kwano don iska ta bi ta ƙasa. Ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗa shi wajen digiri 13 zuwa 15. Da hunturu a goge shi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe, da ruwa da tsumma mai laushi. Kada a watsa masa ruwa da tsakar rana gilashin yana zafi.

Sai kwantirola, na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, mai 20A, da fis a kan wayar da ta fito daga batir, kusa da shi. Waya ta zama ta jan ƙarfe, mai lamba 4mm², kuma a gajarta tafiyarta, don a 12V siririyar waya mai tsawo cinye wutar take yi ta koma zafi. Wajen haɗawa batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti. Wajen kwancewa faranti ake fara cirewa. Juya wannan tsarin yana ƙona kwantirola. In duk kayanki na 12V ne ba kya buƙatar inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ita kanta tana shan wuta ko ba a jona komai ba.

Fanka mai caji da kika gani a talla, ki nemi a nuna miki abin da aka rubuta a batirinta. Da yawa 12V 4.5Ah ne, wato 54Wh. Ki raba da 20W, bai kai awa 3 ba in an ƙure ta. Awannin da suke bugawa a kwali na mafi ƙarancin gudu ne, kuma da sabon batir. Mai talla da ya ƙi faɗin Ah ya tsaya a kan "tana kwana", ki wuce shi.

Ga yadda ake kama na bogi. Faranti mai 100W na gaskiya tsawonsa ya kai wajen mita 1, faɗinsa rabin mita ko fiye kaɗan. In kika ga wanda bai fi faifai girma ba an rubuta 200W, takarda ce kawai aka liƙa. A auna shi da na'urar auna wuta a rana: irin na 12V yakan nuna 21 zuwa 22V ba a jona komai ba, amma wannan ko ƙarami zai nuna, sai an auna amfiya, mai 100W ya ba da wajen 5 zuwa 6 da tsakar rana. Batirin dalma mai 100Ah nauyinsa ya kai kilo 28 zuwa 32, in yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya ba 100Ah ba ne. Sabo mai cikakken caji yana nuna 12.6 zuwa 12.8V. In ya gaza 12.4 ya daɗe a ajiye, ya fara lalacewa tun a shago.

Uwargida, Mabera:

Allah ya saka da alheri, Malam, na rubuta duka. Ke nan batir da faranti gara a gani da ido. To fankar da ƙwayayen fitila fa, da na gansu da sauƙi a Facebook da Jiji? Kuma akwai wata na'ura da ake zuba wa ruwa tana hura sanyi, tana aiki a nan?

'Yar kasuwar intanet, Arkilla:

Yaya, kin fahimta daidai. Abu mai nauyi, mai fashewa, ko wanda sai an auna shi, a saye shi a gari inda za ki iya komawa gobe. Daga Legas zuwa nan tafiyar kusan kilomita 1000 ce, kuɗin mota da haɗarin fashewa sukan cinye sauƙin da kika gani. Intanet ki yi amfani da ita ki san farashi da sunan samfuri kafin ki shiga Babbar Kasuwa, sai ki yi ciniki da ƙarfinki. Ƙananan kaya irin fanka da ƙwai da kwantirola ana iya odarsu, amma da sharaɗi.

Ki bambance wuraren. Jumia da Konga suna karɓar kuɗin su da kansu, suna da wa'adin mayar da kaya, ki karanta kwanakin a shafin kayan kafin ki biya don sun bambanta. Jiji da Facebook da Instagram allon talla ne kawai, ke da mai kaya ne, in an cuce ki ba wanda ke riƙe da kuɗinki. A irin waɗannan, in mai kayan a Sakkwato yake, a haɗu a shagonsa ko wuri mai jama'a, a gwada, sannan a biya. In a Kano ko Legas yake, ki kira shi ta bidiyo ya kunna fankar a gabanki, ya juya ta ki karanta takardar da ke bayanta. Mai hoton sata ba zai iya wannan ba, zai ce miki netiwok. Ki sa hoton tallan a Google Lens, manhajar bincike da hoto, in ya fito a shafuka goma da sunaye daban-daban, kin gane. A Facebook akwai inda ake ganin ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa canzawa. Shafin da aka buɗe watan jiya, ko wanda da atamfa yake sayarwa yau ya koma sola, a yi hattara. In ya ce kamfani ne, ana duba sunan kyauta a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni.

Wajen biya ki dubi sunan da banki ya fito da shi kafin ki danna. In bai yi daidai da sunan shago ko na mutumin ba, ki tsaya ki tambaya. Kuma akwai wata dabara da ta yi yawa: a karɓi kuɗin kaya, gobe a kira a ce direba ya tsaya sai an ƙara na sauke kaya, jibi a ce na wani abu. Da zarar an nemi kuɗi na biyu da ba a yi maganarsa tun farko ba, kada ki ƙara ko kwabo. Lambar sirri ta kati da lambar OTP da ke shigowa waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake ko zai mayar miki da kuɗi ne.

In ta tasha za a turo, ki karɓi lambar direba da ta mota da hoton kayan a ɗaure, ki kira direban da kanki. Da sun iso ki ɗauki bidiyo tun daga yanka leda har kunnawa, ba yankewa, shi ne shaidarki. Sharhin masu saye kuma ki fara da na masu tauraro ɗaya da biyu, ki ga ko ƙorafinsu iri ɗaya ne. In mutum biyar sun ce batir ya mutu cikin wata biyu, haka naki zai yi. Araha ba ta ado, fankar da ta gaza rabin kuɗin kasuwa akwai abin da aka rage a cikinta, yawanci batir.

In an riga an cuce ki, ki sanar da bankinki a ranar, da rasit da hoton hirarku, don wani lokaci ana samun a tsare asusun kafin a kwashe. In kuma kamfani ne mai rajista ya ƙi karɓar kayansa marasa kyau, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar ƙorafi ta intanet.

Dattijo, Kanwuri:

Ɗiyata, Allah shi yi albarka, shi raya zuri'a. Maganar adana kayan miya da kinka yi, abin ga na hannunmu tun da daɗewa, sai dai a gyara shi. Wani malamin makaranta na Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har anka ba shi lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000.

Ki samu tukwanen ƙasa biyu da ba a shafe su da fenti ko siminti ba, babba da ƙarama, yadda in anka sa ƙaramar ciki za a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku ko'ina. In babbar na da huda a gindi a toshe. A zuba yashi a ƙasa har bakinsu shi zo daidai, a cika gefen da yashi mai tsabta, na gulbi ya fi, a jiƙa shi sarai amma kada ruwa shi kwanta. A rufe baki da tsumma mai kauri jiƙaƙƙe. A aje ta inuwa inda iska ke wucewa, a ɗora bisa duwatsu uku don iska ta bi ƙasa. Ana ƙara ruwa safe da marece. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, shi ke janye zafin ciki. Tumatir, tattasai, attarugu, yalo, kuɓewa da ganye duk suna ƙara kwanaki. Albasa da tafarnuwa ba su shiga, su bushewa suke so. Nama da kifi da madara da abincin da anka dafa ma ba su shiga, sanyin bai kai na firji ba. Inda ake ɓata ta shi ne a kulle ta cikin ɗaki ba iska, ko a bar yashi shi bushe, ko a zuba kayan da sunka fara ruɓa tare da masu kyau. Kuma aikinta na rani ne. In damina ta sauka iska ta yi laima, sanyin raguwa yake.

Wajen ɗaki, abin da na ga ana koyarwa daga ƙasashen sanyi ba duka ya dace da mu ba. Namu shi ne a rufe taga da labule mai kauri tun hantsi kafin iska mai zafi ta shiga, a buɗe bayan isha'i. Kwanon da anka shafa wa farin fenti ya fi baƙi ko mai tsatsa sauƙin zafi, silin kuma na tare mai yawa. Sai itace. A dasa dogon yaro yamma da ɗaki, inda ranar la'asar ke duka, amma a ja shi kamar taku 6 ko fiye daga bango da shadda saboda saiwa. Lokacin dashe farkon damina, in ruwa ya zauna. Rami kamu biyu zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe, ɗanye ƙona saiwa yake. A kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, don awaki sun fi fari kashe dashe cikin gari. Da rani a binne 'yar tukunya kusa da gindinsa a riƙa cika ta a rufe, ruwan wanke hatsi ma ya isa. Zogale kuwa a cikin gida, ba ya cin wuri, ga miya.

Mai harhaɗa magunguna, Gawon Nama:

Baba ya kawo abin da zan ɗora a kai, Allah ya ƙara girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafin wuri ya haura digiri 40, fanka ita kaɗai ƙara wa jiki zafi take yi, don iskar da take turowa ta fi jiki zafi. Da tsakar ranar Afrilu a ɗakin kwano ana kai wa haka. A jiƙa fata ko a yafa jiƙaƙƙen zane mara nauyi sannan a kunna fankar, musamman ga tsofaffi. Jaririya kuma a shafe ta da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, kada a saita fankar a fuskarta, kada kuma a lulluɓe ta da kaya.

Malam mai sola, a ja kunnen mutane kan tsohon batir. Dalmar cikinsa guba ce, ita ce irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta fito. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa inda yara ke wasa.

Mai haɗa sola, Titin Sarki Yahaya:

Haka ne. A mayar da shi shago a rufe yadda yake, yawanci ana karɓa a rage kuɗin sabo.

Hajiya, na'urar da kika tambaya aikinta ɗaya da tukunyar Baba, ruwa ne ke bushewa a jikin wani soso iska ta biyo ta ciki. Daga Maris zuwa Mayu tana sanyaya ɗaki sosai tunda iskarmu busasshiya ce, da damina kuwa danshi kawai za ta ƙara. Ba a rufe mata ɗaki kamar AC, sai an bar taga a buɗe kaɗan ta bayanta da wata ta gaba. A riƙa zubar da ruwan tankin ana wankewa duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta yi wari, ruwan rijiya mai kanwa kuma yana toshe sosan. Masu aiki da wutar gida sukan ci 60 zuwa 100W ko fiye, wato fanka uku zuwa biyar, kuma sai da inbata. In mai 80W ce ta yi awa 8, 640Wh ke nan ita kaɗai, ya haura duk lissafinmu na farko. In kina son ta, ko dai ki nemi ƙarama mai 12V, ko a ninka batir zuwa 200Ah da faranti zuwa 400W, kwantirola ta koma 30 ko 40A. Ki turo hoton takardar da ke bayan wadda kika gani, inda aka rubuta W da V, in duba miki kafin ki biya.